Idan Yaƙi Ya Ɓarke A Ƙasar Da Ɗanki Yake: Darasi Daga Kwaso 'Yan Nijeriya Daga Sudan

A yau da wuya ki shiga wata unguwa a Kano ko Katsina, Sakkwato ko Maiduguri, ki rasa gidan da yake da wani nasa a ƙasar waje. Wata ɗanta ne ya tafi karatun likita, wata 'yarta aka kai aure, wata kuma maigidan ne yake fatauci ko ƙwadago a can. Ranar da za su tafi mukan haɗa masu yaji da kuka da daddawa, mu raka su da addu'a, amma kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su tambayi kansu: in Allah Ya ƙaddara fitina ta tashi a ƙasar da za shi, wa zai fito mini da shi, kuma ta wace hanya?

Amsar da kowa zai bayar ita ce gwamnati, kuma haka ne. Sai dai kwaso mutane daga ƙasar da ake yaƙin basasa aiki ne mai ƙa'idoji, mai layi, mai buƙatar yardar mutane da dama waɗanda ba su san ɗanki ba balle su ji tausayinsa. Wanda yake da takardunsa a hannu, kuma sunansa yana cikin rajista, shi ne yakan fara samun kujera. Abin da ya faru a Sudan a shekarar 2023 ya nuna mana haka ƙarara, domin dubban 'ya'yanmu ne abin ya rutsa da su. Don haka ya kamata kowace uwa ta san yadda lamarin yake tafiya tun kafin ranar buƙata.

Yadda wutar ta tashi

Ranar Asabar 15 ga watan Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumin Ramadan, mazauna birnin Khartum suka wayi gari da ƙarar manyan bindigogi. Faɗa ne ya kaure tsakanin sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF ƙarƙashin Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Mutanen nan biyu da tare suke. Tare suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya a watan Oktoban 2021, daga baya suka saɓa a kan yadda za a shigar da dakarun RSF cikin rundunar soja, da kuma wanda zai zama a sama.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, filin jirgin saman Khartum a tsakiyar gari yake, dab da hedikwatar soja. Tun ranar farko aka yi artabu a cikinsa, jirage suka ƙone a inda suke ajiye, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Ƙofar da kowa ya shigo ta cikinta ke nan ta toshe cikin 'yan sa'o'i. Bankuna suka rufe, ruwa da wuta suka ɗauke a unguwanni da yawa, asibitoci suka daina aiki ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin akwai dubban ɗalibai 'yan Nijeriya a birnin, akasarinsu 'yan Arewa, maza da mata. Da yawansu suna Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ta daɗe tana karɓar 'ya'yanmu masu karatun Larabci da Shari'a da likitanci. Wasu iyayensu ne suka tura su, wasu gwamnatocin jihohi. Haka suka yi Ƙaramar Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu a ɗakunan kwanansu, a nan gida kuma iyaye mata suka yi tuwon Sallah waya tana hannu, abinci ya ƙi wucewa.

Wa ake fara ɗauka?

Abu na farko da ya ɗaure wa mutane kai shi ne ganin manyan ƙasashe sun fara da ma'aikatan ofisoshin jakadancinsu. A daren 22 zuwa wayewar 23 ga Afrilu, Amurka ta aiko da jirage masu saukar ungulu daga Jibuti, suka sha mai a Habasha, suka sauka a Khartum suka kwashi ma'aikatanta da ba su kai mutum 100 ba. A wancan lokaci an ƙiyasta akwai Amurkawa kimanin 16,000 a Sudan, mafi yawansu masu shaidar zama 'yan ƙasa biyu, amma aka ce masu kowa ya zauna inda yake. Sai ranar 29 ga wata ayarin motocin farko da Amurka ta shirya wa sauran mutanenta ya isa gaɓar teku. Ita ma Birtaniya ma'aikatanta ta fara fitarwa ranar 23 ga wata, sannan ta soma ɗibar sauran jama'arta bayan kwana biyu.

Wannan yana da tushe a dokar ƙasa da ƙasa. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 a kan hulɗar jakadanci ta wajabta wa ƙasa mai masauki ta sauƙaƙa wa jakadu da iyalansu fita ko da ana yaƙi. Gwamnati ce ta tura su, don haka alhakinsu yana wuyanta kai tsaye. Kuma su ma ba su tsira ba. A kwanakin farko an shiga gidan jakadan Tarayyar Turai an ci zarafinsa, an harbi ayarin motocin ofishin jakadancin Amurka, sannan ranar 24 ga Afrilu aka kashe wani jami'in ofishin jakadancin Masar a kan hanyarsa ta zuwa aikin kwashe mutanen ƙasarsa.

To ina matsayin ɗalibi ko ɗan kasuwa ko matar aure? Wata yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba kowace ƙasa damar taimakon 'ya'yanta da kare muradunsu a ƙasar waje, da ba su takardun tafiya. Ki lura da kalmar, dama aka ba ta. Yarjejeniyar ba ta ɗora mata dole ta aiko da jirgi ba. Kowace gwamnati tana yin abin da ƙarfinta da dokarta da matsin lambar jama'arta suka kai ta. Amurka, duk da arzikinta, dokarta ta tanadi cewa wanda aka kwaso zai sa hannu a takardar alkawarin biyan kuɗin tafiyar daga baya. Wani abin lura kuma shi ne, da zarar jakada da ma'aikatansa sun kulle ofis sun tafi, ƙofar samun fasfo da biza da takardar shaida ta rufe ke nan ga waɗanda suka rage.

Yarda uku kafin mota ta tashi

Mu a nan gida gani muke kamar jirgi kawai za a tura. Amma kafin a motsa mutum guda sai an samu abu uku.

Na farko, yardar masu faɗan. A yaƙin basasa masu iko biyu ne a gari ɗaya, wannan ya tare wannan titi, wancan ya tare gada. Takardar izinin da ɗaya ya bayar ba ta aiki a shingen ɗayan, wani lokaci ma ita ce za ta jawo wa mai riƙe da ita bala'i. Dokokin Janiba na 1949 sun hana taɓa farar hula ko a yaƙin cikin gida, amma yaron da ke riƙe da bindiga a shinge ba lallai ne ya taɓa jin sunansu ba. Shi ya sa sai da Amurka da Saudiyya suka shiga tsakani aka samu tsagaita wuta ta sa'o'i 72 daga tsakar daren 24 ga Afrilu, sannan ƙasashe suka yi rige-rigen fitar da mutanensu. Ko a hakan ba a daina harbi ba, domin ranar 28 ga wata an harbi wani jirgin Turkiyya yana shirin sauka.

Na biyu, hanya. Turawa sun yi amfani da wani filin jirgin soja mai suna Wadi Sayyidna a arewa da Khartum, amma kowa shi zai kai kansa can, ya ratsa shingayen 'yan bindiga da iyalinsa. Birtaniya ta fitar da mutum fiye da 2,000 a wannan aiki. Wasu suka bi mota zuwa Fot Sudan da ke bakin Bahar Maliya, tafiyar sama da kilomita 800, daga nan jiragen ruwa suka tsallaka da su Jidda. Saudiyya ta yi rawar gani a nan, domin ta kwashe mutum sama da 8,000 'yan ƙasashe fiye da 100. Wasu suka yi arewa ta cikin hamada zuwa Masar, wasu gabas zuwa Habasha, mutanen Darfur kuma suka yi yamma zuwa Cadi.

Na uku, yardar maƙwabciya. Wannan ne mutane suka fi mantawa da shi. Fita daga gidan da ke cin wuta sai maƙwabci ya buɗe maka ƙofa, shi kuwa maƙwabcin yana da nasa tsoron: kada baƙin su shigo su ƙi tafiya, kada ɓata-gari su saje da su. Wannan tsohon al'amari ne. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun samu natsuwa ne saboda Najjashi ya karɓe su, kuma da Ƙuraishawa suka aiko da wakilai da kyaututtuka don a maido masu da su, ya saurari Ja'afar ɗan Abi Ɗalib sannan ya ƙi miƙa su. A zamaninmu yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969 sun hana a maida mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Amma a bakin iyaka, tsakanin abin da aka rubuta da abin da jami'i zai yi akwai tafiya.

Tafiyar 'ya'yanmu

A ɓangaren Nijeriya, aikin ya haɗa Ma'aikatar Harkokin Waje ƙarƙashin Geoffrey Onyeama, da Ma'aikatar Jinƙai ƙarƙashin Hajiya Sadiya Umar Farouq, da hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA, da hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta NiDCOM wadda Abike Dabiri-Erewa ke shugabanta. Gwamnati ta ce tana sa ran kwaso mutum kimanin 5,500, yawancinsu ɗalibai, kuma ta ware dala miliyan 1.2 don hayar manyan motoci 40 da za su kai su Masar. Kuɗin ya jawo surutu a gida, amma a garin da ake yaƙi, mai ya yi wuya, kowa kuma yana neman mota, direba shi ke yanka farashi.

Tun kafin motocin su iso, wasu ɗalibai da haƙurinsu ya ƙare suka haɗa kuɗi suka kama hanyar Habasha da kansu. Da suka isa iyaka aka hana su shiga saboda ba su da izini, sai da hukumomi suka shiga maganar. Motocin farko sun tashi daga Khartum ranar 26 ga Afrilu. A tsakiyar hamada wasu direbobi suka kashe mota suka ce ba za su ƙara gaba ba sai an cika masu kuɗinsu, kuma da yawanmu mun ga bidiyon 'yan mata suna kuka a cikin rairayi, a wata ƙasar da zafinta a wannan lokaci yakan haura digiri 40.

Da suka isa iyakar Masar sai wata sabuwa ta taso. Masar ta ƙi buɗe masu ƙofa, suka yi kwanaki a fili, ruwan sha da banɗaki suka zama abin nema. Sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya tuntuɓi Shugaba Abdul Fattah al-Sisi aka amince, shi ma bisa sharuɗɗa: a kawo jerin sunaye da lambar fasfon kowa, kowa ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya, jami'an Nijeriya su kasance a wurin, jirage su kasance a shirye, motoci kuma su wuce da su filin jirgi kai tsaye ba tare da yada zango ba. Ki duba sharuɗɗan nan da kyau, 'yar'uwa. Kusan dukkansu a kan suna da takarda suke.

Rukunin farko na mutum 376 sun sauka Abuja a daren 3 ga watan Mayu, cikin jirgin kamfanin Air Peace da jirgin sojan saman Nijeriya, kwana 18 bayan soma yaƙin. Ganin wahalar hanyar Masar ya sa aka karkatar da sauran zuwa Fot Sudan, inda aka riƙa ɗauko su a jirgi kaɗan-kaɗan. A kan wannan hanyar ma wata mota ta kama da wuta, Allah Ya kiyaye kowa ya fita lafiya. Zuwa tsakiyar watan Mayu an dawo da mutum sama da 2,500, kuma gwamnati ta sanar cewa ba a rasa ran ko mutum ɗaya ba a cikin aikin. Gidauniyar Dangote ta ba kowane wanda ya sauka naira 100,000 ta kuɗin mota.

Akwai abin godiya a nan, akwai kuma abin tunani. Tazarar da ke tsakanin adadin da aka yi tsammani da adadin da aka kwaso ta nuna cewa da ƙiyasi aka fara aikin. Wasu sun fita da kansu, wasu sun zaɓi zama. Ga shi kuwa da adadi ake hayar mota, da adadi ake neman izinin maƙwabciya. Wanda ofishin jakadanci bai san da zamansa ba, ba a lissafa kujerarsa.

Ranar da takarda ta fi kuɗi

A cikin wannan rikici an ga abubuwan da ya kamata su tsaya wa kowace mace a rai. Akwai 'yan Sudan da suka kai fasfonsu ofisoshin jakadancin ƙasashen Turai da Amurka neman biza kafin yaƙin. Da ma'aikatan suka tashi tafiya, wasu suka kulle fasfunan a ciki, ofishin Amurka kuwa ya lalata waɗanda ke hannunsa don kada su faɗa hannun da bai dace ba. Masu su suka rasa abin nunawa a iyaka. Ga kuɗi a aljihu, ga mota, amma babu fita.

Haka kuma an raba iyalai a bakin jirgi. Ƙa'idar Birtaniya ita ce mai fasfonta zai hau tare da mata ko miji da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba, muddin suna da izinin shiga ƙasar. Tsohuwar uwa ko ƙane ba sa ciki. Har likitocin da suke aiki a asibitocin Birtaniya, waɗanda suka je Sudan ganin gida, da farko an hana su hawa saboda ba su da fasfon ƙasar, sai da aka yi ta ƙorafi sannan aka sassauta.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, musamman masu aure tsakanin ƙasa da ƙasa. Sashe na 25 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce yaron da aka haifa a waje ɗan ƙasa ne idan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Nijeriya ne. Amma jami'in da ke bakin iyaka ba ya duba kamannin fuska, takarda yake dubawa. Jaririn da ba a yi wa shaidar haihuwa ko fasfo ba zai iya tsayar da uwarsa a hanya. Sashe na 26 kuma ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya irin wannan dama ba. Ke nan 'yarki da ke aure a wata ƙasa za ta iya samun kujera ita da 'ya'yanta, a ce mijin ba ya ciki.

Mu kuma mun saba da ɗaura aure a ƙofar gida ko a masallaci, ga waliyyi ga shaidu ga sadaki, a raba goro da alewa a watse. Auren ya inganta a addini, babu ko tantama. Amma shaidun nan ba za su bi ta zuwa iyakar Masar ba. Takardar shaidar aure daga kotun Shari'a ko wata hukuma da aka yarda da ita ba ta rage wa aure albarka ba, kuma wata rana ita ce za ta hana a raba mata da miji.

Waɗanda babu jirgin da ya zo ɗaukarsu

Kafin mu rufe babin Sudan, akwai 'yan'uwanmu da bai kamata mu manta da su ba. Tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, Hausawa da Fulani da Barebari suke ratsa Sudan, wasu su tsaya noma ko sana'a don haɗa guzuri, zama ya kama su har jikoki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas da jama'a masu yawa, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a kusa da Sinnar. Zuriyarsu da ta sauran mahajjata suna nan a jihohin Jazira da Sinnar da Gadarif da Kasala da sauransu, suna jin Hausa, suna tuƙa tuwo irin namu.

Waɗannan 'yan Sudan ne, can aka binne cibiyarsu, don haka ba sa cikin lissafin kowace ƙasa mai aiko da jirgi. Haka miliyoyin sauran 'yan ƙasar. A duk inda aka yi irin wannan kwashe baƙi, masu gida su ake bari da wutar. Ranar 11 ga Mayun 2023 ɓangarorin biyu sun sa hannu a Jidda a kan alkawarin kare farar hula da ba su hanyar ficewa, amma ba a cika ba. A watan Yunin wannan shekara Masar ta wajabta biza ga dukkan 'yan Sudan, har da mata da yara da tsofaffi waɗanda a da suke shiga ba tare da ita ba. A watan Disamba yaƙin ya ci birnin Wad Madani, inda dubban mutanen Khartum suka fake, suka sake ɗaukar kaya a karo na biyu. Zuwa shekarar 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 12 sun bar gidajensu. Idan muna godiya da dawowar namu, mu riƙa sa waɗannan a addu'a, mai hali kuma ya taimaka ta hanyar da ya amince da ita.

Abin da ke hannun uwa

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsagaita wuta da buɗe iyaka aikin shugabanni ne, amma akwai abubuwan da ke hannunmu, kuma ba sa cin wani kuɗi mai yawa.

Da farko, duk wanda ya sauka a wata ƙasa, ki matsa masa ya je ofishin jakadancin Nijeriya ya rubuta sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa, in ya sauya gida ya koma ya gyara. Ɗalibi ya shiga ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ta makarantarsa, domin a Khartum ta hannun shugabannin ɗalibai yawancin saƙonni suka riƙa isa ga jama'a.

Fasfo ya zauna a hannun mai shi. Idan makaranta ko uban gida ya karɓa don sabunta izinin zama, a bi sawu har ya dawo. A riƙa duba ranar ƙarewarsa, a sabunta tun da sauran watanni. A ɗauki hoton shafin farko da na izinin zama a ajiye a waya, a turo miki kwafi ki adana a gida. In fasfo ya ɓata, ofishin jakadanci yana ba da takardar tafiya ta gaggawa da ake kira ETC, kuma wannan kwafin zai sauƙaƙa samunta.

'Yarki da ta haihu a waje, kada a tsaya a ragon suna kawai. A yi wa jaririn shaidar haihuwa, a kai ofishin jakadanci, a nema masa fasfo. Takardar aure ita ma ta kasance cikin kayan da ba a rabuwa da su. Ɗalibi kuma ya riƙa karɓar sakamakon jarabawarsa na kowace shekara yana turo kwafi gida. Bayan dawowar ɗaliban Sudan hukumar JAMB ta yi alkawarin taimaka masu su ci gaba a jami'o'in gida, kuma wanda ya zo da shaidar inda ya tsaya ya fi samun sauƙi.

A ajiye ɗan kuɗi a hannu wanda ba a taɓawa, domin ranar da banki ya rufe, sabis ya ɗauke, abin da ke aljihu shi ne kuɗi. Tare da shi a tanadi ƙaramar jaka mai ɗauke da takardu, da maganin da mutum yake sha kullum, da cajar waya. A motar gudun hijira ba a ɗaukar akwatuna.

Idan kuma fitinar ta riga ta tashi, ki zama mai kwantar masa da hankali. Kukanki a waya zai iya sa yaro ya fita titi a lokacin da zama ya fi. Ki ce masa ya tsaya tare da 'yan'uwansa, ya bi sanarwar ofishin jakadanci, kada ya kama hanyar iyaka shi kaɗai ba tare da sanin hukuma ba. 'Ya mace musamman kada ta ware daga ayari. Ke ma ki yi hattara da duk saƙon da ke yawo a WhatsApp, ki tantance kafin ki tura, kuma kada ki aika kuɗi ga wanda ba ki sani ba don ya ce zai fito miki da ɗa. Iyaye su haɗa kai su naɗa wakilai masu magana da gwamnatin jiha da hukumomi, murya ɗaya mai ɗauke da cikakken jerin sunaye ta fi ɗari masu kuka a warwatse.

Daga ƙarshe, idan aka fara jin ƙishin-ƙishin, sojoji suna ƙaruwa a titi, ofisoshin jakadanci suna gargaɗin mutanensu, to a fito tun jiragen haya suna tashi. Asarar zangon karatu ɗaya ko kayan shago abu ne da ake mayarwa. Maigida ya ji wannan daga bakinki cikin hikima, domin sau da yawa tunanin kuɗin makarantar da aka riga aka biya shi ke sa a ce a ɗan ƙara jira.

Wannan shiri bai saɓa wa tawakkali ba. Ana ɗaure raƙumi ne sannan a dogara ga Allah. Yau in kin yi waya da naki da ke waje, bayan gaisuwa ki tambaye shi ina fasfonsa yake, yaushe zai ƙare, kuma ko ofishin jakadanci ya san da shi.

Allah Ya kawo wa mutanen Sudan ƙarshen wannan musiba, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mana zuriya a duk inda suke, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.